Itacen Ceri da Tsakar Gidajenmu na Zango



A watan Yunin da ya gabata wani ɗanmu da ke karatu a Faransa ya zo hutu, ya kawo wa mahaifiyarsa tsarabar da ba kowa ya taɓa gani ba a unguwa: 'ya'yan itacen nan jajaye, masu sheƙi, masu dogon hannu siriri, waɗanda Faransawa ke kira cerise, mu kuma a nan za mu kira su ceri. Aka raba wa maƙwabta, kowa ya samu biyu ko uku. Hajiya, wadda kowa ya shaida hannunta da albarkar shuka, ta tattara ƙwallayen ta binne su a gwangwanin tumatir, tana ba su ruwa safe da yamma. Wata biyar ke nan, ko tsinke bai leƙo ba. Ta zargi ƙasar, ta zargi ruwan rijiya, ta zargi kajin gidan. Daga ƙarshe ta tare mu bayan sallar La'asar ta ce: "Malam, ku da kuke karance-karance, ko dai Turawa dafa ƙwallon suke yi kafin su sayar?"

Ba a dafe yake ba, Hajiya. Barci yake yi, kuma abin da zai tashe shi babu shi a Lome.

Ceri ɗan ƙasar sanyi ne, danginsu ɗaya da lauz da tuffa. Asalinsa yankin da ke tsakanin Turai da yammacin Asiya, kuma ana danganta sunansa da wani gari na gaɓar Baƙin Teku wanda a yau ake kira Giresun, a Turkiyya. Marubutan Rumawa sun ce daga can wani sarkin yaƙinsu mai suna Lukulus ya kai shi Rum, shekara 70 da ɗoriya kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Har gobe Turkiyya tana cikin ƙasashen da ke kan gaba a duniya wajen nomansa. A nahiyarmu kuwa sai a bakin-bakinta biyu ake samunsa sosai: a Afirka ta Kudu, wajen garin Ficksburg, da kuma Maroko, inda mutanen Sefrou, kusa da Fas, suke yi masa biki a watan Yuni tun shekarar 1920. Mutanen Maroko suna kiransa habbul muluk, wato ƙwayar sarakuna. Duk wuraren nan abu ɗaya ya haɗa su, shi ne sanyi mai shiga ƙashi na watanni.

Ga yadda rayuwarsa take tafiya. Ɗan itacen yakan faɗi ƙasa a watan Yuni ko Yuli. Da ƙwallon zai tsiro nan take, da tsiron ya gamu da ƙanƙara yana ɗanye shakaf, ya mutu. Saboda haka aka halicce shi da wani irin makulli a cikinsa, ba ya buɗewa sai ya kwana cikin danshi da sanyi na kimanin digiri 4 ko 5 har tsawon wata uku zuwa huɗu. Sai sanyin ya wuce, ƙasa ta fara ɗumi, sannan ɓawon ya tsage, saiwa ta sauka. Ƙwallayen Hajiya suna nan suna jiran hunturun da ba zai zo ba, in dai ruwan safe da yamma bai ruɓar da su ba.

Wani zai ce ai da sauƙi, a sa su a firiji. Gaskiya ne, masu renon dashe haka suke yi, cikin yashi mai laima, kuma mai yiwuwa ne a samu tsiro. Amma buƙatar sanyin ba ta ƙare a kan ƙwallo ba, kowace shekara sai itacen ya neme ta. Idan watan Oktoba da Nuwamba suka shigo a Turai, ceri yakan zubar da ganyensa kaf, ya tsaya kamar busasshe. A cikin wannan barci idanun da ke jikin rassansa suna ƙirga awoyin sanyi, kuma mafi yawan ire-irensa sai sun tara awa 700 zuwa sama da 1,000 na sanyin da bai haura digiri 7 ba kafin su yarda su buɗe. Awa dubu kuwa kwana arba'in ne da ɗoriya, dare da rana. Akwai 'yan ire-iren da aka samar a Kaliforniya waɗanda awa 200 zuwa 300 ta ishe su, amma ko su sun fi ƙarfinmu. A nan Lome, ranar da muke fito da rigunan sanyi muna hura wuta da asuba, da wuya ma'auni ya sauka ƙasa da digiri 20. Ko a kan dutsen Agu, wanda ya fi kowane tsawo a Togo da mita 986, ba a san ƙanƙara ba. Itacen da bai samu barcinsa ba yakan yi ta kame-kame, ido ɗaya ya buɗe goma su ƙi, ba fure ba 'ya'ya, har cuta ta gama da shi.

Barcin itace ba baƙon abu ba ne ga waɗanda suka taso a ƙasar Hausa. Kuka tana tuɓe ganye da rani. Gawo kuma, mai saɓa wa jama'a, da damina yake tuɓe nasa, shi ya sa gero ke yin kyau a ƙarƙashinsa. Kowane da agogonsa. Na ceri sanyi ne ke ɗaure shi, sanyi ne kuma ke kwance shi.

Inda ya samu abin da yake so, to a watan Maris ko Afrilu sai ya fashe da farin fure tun ganye bai gama fitowa ba, itace guda ya koma kamar an lulluɓe shi da auduga. Wannan ado ba ya wuce mako ɗaya zuwa biyu, kuma a cikin 'yan kwanakin nan ake yanke hukuncin shekara. Dare ɗaya na sanyin da ya sauka digiri biyu ko uku ƙasa da sifili ya isa ya ƙone furen. Ruwa ko iska in suka hana ƙudan zuma fita, an yi asara. Sannan ga wani sharaɗi: yawancin ceri mai zaƙi ba ya ɗaukar ƙurar furen kansa, ko ta wani itace irinsa sak, dole sai zuma ta ɗauko daga wani iri dabam da ya yi fure a lokaci ɗaya. Sai a shekarar 1968 aka fitar da wani iri a Kanada, mai suna Stella, wanda ke iya haihuwa shi kaɗai. Ashe ko da ƙwallo ɗaya ya tsira wa Hajiya, da sauran aiki.

Daga fure zuwa nuna kimanin wata biyu ne. Ɗan yakan fara kore, ƙwallon ciki ya yi tauri, sannan a makonnin ƙarshe ya kumbura ya yi ja. A nan ma manomi ba ya barci, domin ruwan sama na kwana ɗaya yana tsattsaga fatar, tsuntsaye kuma ba sa jiran gayyata. Ba kamar ayaba ko mangwaro ba, ceri ba ya ƙara nuna bayan an tsinke shi, kuma da hannu ake tsinkar na ci, ɗaya bayan ɗaya. Dalilin tsadarsa ke nan. A Faransa garin Céret ne ya yi suna da riga kowa, har ya zama al'ada a aika wa shugaban ƙasa kwandon farko. Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne, ana gama tsinka itacen yake fara ƙulla idanun furen baɗi. Wanda ya yi sakaci da ban ruwa bayan ya kwashe amfanin bana, na baɗi ya cuta.

Masu gonakin ceri ba ƙwallo suke shukawa su jira ba. Itacen ƙwallo yakan ɗauki shekara bakwai zuwa goma kafin ya haihu, kuma ba ya gadon uwarsa, sau da yawa 'ya'yansa ƙanana ne marasa daɗi. Aure suke yi masa, kamar yadda muke yi wa mangwaro da lemo: a ɗauko ido ko reshen iri mai kyau a ɗaura a kan gindin wani. Mai aure yakan fara haihuwa a shekara ta uku zuwa ta biyar, ya yi shekara ashirin ko talatin yana ciyar da mai shi.

Kafin mu wuce, jan kunne ga iyaye mata: in irin wannan tsaraba ta shigo gida, a cire wa ƙananan yara ƙwallon saboda shaƙewa, kuma kada a bari su fasa shi su ci ƙwayar ciki, tana da guba.

To mu fa, me ya rage mana? Akwai itatuwan da suka ari sunan ceri alhali zafi suke so. Manoman kofi na wajen Kpalime ma cerise suke ce wa jan ɗan kofi. Ga kuma agwaluma, wadda Yarabawa ke kira agbalumo, mutanen Gana su ce alasa, a Turancin Najeriya kuma a ce mata cerin Afirka. Yanzu da hunturu ya kawo kai za ta fara bayyana a faranti, ta kai har watan Afrilu. Halinta kishiyar na ceri ne, ƙwallonta ba ya son jira, in ya bushe ya mutu, sai a shuka shi da ɗanyensa. Sai dai itacen kurmi ce, tana haura mita ashirin, ba ta tsakar gida ba ce. Wanda ke da gona a bayan gari shi ya kamata ya tuna da ita.

Wanda ya dace da ƙaramin fili shi ne wanda Faransawa ke kira cerise des Antilles, wasu su ce aserola. Yawanci bai fi mita uku zuwa huɗu ba, furensa ruwan hoda, kuma mako uku zuwa huɗu bayan fure ɗan ya nuna, ja kamar ceri, da tsami-tsami. Yana haihuwa sau da dama a shekara in yana samun ruwa. Bitamin C da ke cikinsa ya ninka na lemon zaƙi fiye da sau ashirin. Ƙwallonsa ba ya tsirowa da kyau, reshe ake yanka a kafa, a shekara ta biyu ko ta uku yara su fara tsinka. A tambayi masu sayar da dashe na bakin titi. A dasa shi da farkon babbar damina, Afrilu ko Mayu, a wurin da rana ke samu. Mu da ke kusa da kwarin kogin Zio mun san yadda ruwa ke kwanciya a wasu gidaje, saboda haka a tara ƙasa a yi ɗan tudu kafin a dasa, a kuma kewaye shi saboda awaki.

Mun tsawaita a kan wannan ne saboda wani abu da ke damunmu. A shekarar 1977, lokacin da hukuma ta tashi tsohon Zango daga tsakiyar birni aka dawo da iyayenmu nan arewa, wajen Togblekope, sun bar inuwar da suka saba da ita a baya. Da suka kafa gidaje sun dasa mangwaro da dogon yaro da kwakwa, wasunsu ba su kai ga cin 'ya'yan ba. A ƙarƙashin waɗannan itatuwa aka ɗaura auren da yawanmu, a nan aka yi karatun allo, a nan ake zaman makoki. Yau sun doshi shekara hamsin, kuma ɗaya bayan ɗaya muke sare su don a fitar da shago ko ɗakin haya, a malale tsakar gida da siminti. Ba mu ce kada a yi gini ba, iyali sun ƙaru, kuɗin haya kuma yana rufa asiri. Amma mangwaron da aka kayar da safiya ɗaya, ko mai aure aka dasa a madadinsa, sai an yi shekara uku zuwa huɗu kafin a ga ɗan fari, inuwa kuwa sai an haura goma. Da wuya mu ga wanda ya sare ya bar ko taku biyu na ƙasa don na gaba.

Da muka gama yi wa Hajiya wannan bayani sai ta yi shiru, can ta ce: "To Malam, su riƙe sanyinsu." Ta juye gwangwanin, ta tsince ƙwallayen ta ba jikokinta suna dara da su. Ta ce a nemo mata reshen aserola guda biyu, ɗaya nata, ɗaya na amaryar da za a kawo gidan bayan Sallah, kuma ta riga ta hana magina taɓa kusurwar da ke bayan rijiya.