Ƙwayoyin Halittar Jikin Ɗan Adam da Dalilin Gwajin Jini Kafin Aure

A watan Mayun 2024 ne Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sanya hannu a kan dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin ɗaurin aure a Jihar Kano. Cikin abubuwan da ake dubawa har da jinotayif, wato nau'in jinin da mutum ya gada. Domin amfanin iyaye da waliyyai a ƙananan hukumomin Ajingi da Gaya, mun ga ya dace mu bayyana abin da ake nema a ɗan jinin da ake ɗiba.

Kamar yadda ake jera tubali a tayar da ɗaki, haka aka gina jikin ɗan Adam da ƙwayoyin halitta, kimanin tiriliyan 30. Ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Robert Hooke na ƙasar Ingila ne ya fara bayyana su a 1665, bayan ya duba ɓawon itace.

Kowace ƙwaya tana da tantanin da ya kewaye ta, shi ke tace abin da zai shiga da wanda zai fita. A ciki akwai ruwa mai kauri mai ɗauke da ƙananan sassa: maitokondiriya na sarrafa abinci ya zama ƙarfi, raibosom kuma na harhaɗa sinadaran furotin. Sai cibiya, inda aka adana umarnin gado da ake kira DNA, a cikin zaruruwa 46 masu suna kuromosom, 23 daga uwa, 23 daga uba.

Jajayen ƙwayoyin jini su ne mafiya yawa a jiki, kuma a kansu za mu tsaya. A ɓargo ake yin su. Kafin su shiga jini sukan zubar da cibiyarsu, su cika da furotin mai suna himogulobin, wanda ke ɗaukar iskar oksijin daga huhu zuwa sauran gaɓoɓi. Lafiyayyar ƙwaya tana kama da faifai, tana da laushi, takan lanƙwasa ta ratsa siraran hanyoyin jini, tana kuma rayuwa kimanin kwana 120.

A jikin mai amosanin jini, wato sikila, canji guda ɗaya tak aka samu a umarnin da ke kan kuromosom na 11. Wannan ɗan canji ya isa ya sa himogulobin ya riƙa sandarewa idan oksijin ya yi ƙasa, sai ƙwayar ta tanƙware kamar lauje. Manomi bai buƙatar a kwatanta masa yadda lauje ke sarƙe ciyawa. Haka waɗannan ƙwayoyi ke maƙalewa su toshe hanyar jini, abin da ke jawo matsanancin ciwon ƙashi da kumburin hannu da ƙafa ga jarirai. Ba sa kuma wuce kwana 10 zuwa 20, shi ya sa yaron ke yawan fama da ƙarancin jini. Likita James Herrick ne ya fara bayyana wannan siffa a birnin Cikago na Amurka a 1910.

Mai jinotayif AS lafiyarsa ƙalau, hasali ma yana da ɗan kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, wanda hakan ya sa nau'in ya yawaita a ƙasashenmu. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na 'yan Najeriya suna ɗauke da shi. Amma idan AS ya auri AS, kowane ciki na da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS. Mun ce kowane ciki, domin kuskure ne a ɗauka cewa haihuwar mai sikila guda ɗaya ta kuɓutar da ƙannensa uku.

Har ila yau, jinotayif daban, rukunin jini irin su A, B da O daban. Muna shawartar iyalai da su je Babban Asibitin Gaya ko asibitin gwamnati mafi kusa tun ana maganar neman aure, kafin a kai kuɗin gaisuwa a sa rana.