Birnin da ke cin abinci da fatalwowinsa

A Edinbara, babban birnin Sikotilan, fatalwa hanyar cin abinci ce. Da magariba ta yi, sai 'yan jagora su fito suna jan ayarin baƙi zuwa makabarta ko ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, kowa ya biya kuɗinsa don a tayar masa da tsigar jiki. Cikin waɗanda suka yi suna a wannan sana'a akwai marubuci Jan-Andrew Henderson, mai alƙalami biyu. Da ɗaya yake rubuta wa matasa labaran ƙirƙira masu hana barci, irin su Bunker 10 na 2007, labarin wasu yara masu baiwa a wani sansanin soja na sirri. Da ɗayan yake tono tarihin birnin: The Town Below the Ground a 1999, sai The Ghost That Haunted Itself a 2001.

Dabarar duk ɗaya ce. Mai rubuta wa matashi ya san in ya sake shafi biyu ba abin da ya faru, an ajiye littafin an ɗauki waya, don haka yakan ɓoye abu, ya ja rai, ya saki kaɗan. Da wannan salon ya sa mutanen da ba ruwansu da littafin tarihi suka zauna suka karanta yadda talakawan Edinbara suka rayu. A ganina, nan amfanin aikin yake.

Dalilin da ya sa birnin ke da wani gari a ƙarƙashinsa ba aikin aljanu ba ne. Ganuwa ta matse tsohon garin a kan doron dutse, jama'a na ƙaruwa, fili babu, sai gini ya yi sama, ana ɗora bene kan bene. A 1788 aka kammala gadar South Bridge mai bakuna 19, gidaje suka rufe ta gefe da gefe, bakunan suka zama ɗakuna. Da farko masu sana'a ne a ciki. Da yoyo da danshi suka kore su, sai waɗanda ba su da wurin kwana suka maye gurbinsu, babu taga, babu ruwan sha, babu makewayi. Ita ma unguwar Mary King's Close, an daɗe ana yaɗa cewa a annobar 1645 an toshe ta da bango an bar majiyyata suka mutu a ciki. Masana tarihi sun ƙaryata wannan. Abin da ya faru shi ne, tun daga 1753 aka sare saman gidajen aka ɗora babban gini a kansu, kuma akwai masu zama a wurin har farkon ƙarni na 20.

Labarin da ya fi fito da Henderson shi ne na makabartar Greyfriars. A 1679, bayan yaƙin Bothwell Bridge, an tsare fursunoni kimanin 1,200 a wani fili kusa da ita, 'yan ɗariƙar Kirista da suka ƙi yarda sarki ya shugabanci cocinsu. Babban lauyan sarki da ya matsa musu, George Mackenzie, ya mutu a 1691, aka binne shi a wannan makabartar. Daga ƙarshen shekarun 1990 aka fara samun baƙi masu cewa sun suma a wurin, ko sun fito da yakushi a jiki, ana ɗora wa fatalwarsa. Sai dai mai karatu ya riƙe abu ɗaya: Henderson, wanda ya rubuta The Ghost That Haunted Itself a kan wannan labarin, shi ne kuma ya kafa kamfanin City of the Dead mai kai baƙi wurin da dare. Wannan bai mai da shi maƙaryaci ba, amma mai kaya ba ya zama alƙali a kan kayansa.

Kimiyya ta leƙa. A 2001 masanin halayyar ɗan Adam Richard Wiseman ya shigar da mutane sama da 200 ɗakunan South Bridge, kowa ya faɗi abin da ya ji. Abin mamaki, ɗakunan da aka daɗe ana cewa suna da fatalwa su ne aka fi jin wani abu a cikinsu, har ga waɗanda ba su san labarin ba. Da aka auna, sai aka ga abin yana tafiya da yanayin ɗakin, kamar girmansa da yawan haske. Wato jin na gaske ne, amma jiki ne ke amsa wa duhu da siffar wuri.

Mafi munin labarin birnin ma ba ya buƙatar fatalwa. A 1828 William Burke da William Hare suka kashe mutum 16, galibi talakawa da baƙi, suna sayar wa likita Robert Knox gawarwakin don koyar da ɗalibai fiɗa. Hare ya ba da shaida ya tsira, Knox ba a gurfanar da shi ba, Burke aka rataye a Janairun 1829. Ƙasusuwansa suna nan har yau a gidan tarihin sashen nazarin jikin ɗan Adam na Jami'ar Edinbara.