FILIN MANOMA: In Fetur Ya Shiga Rijiya

Manoma da 'yan kasuwa, yau zancenmu a kan ruwan rijiya ne. Kowa ya sani Funtua mahaɗar hanyoyi ce, ga ta Zariya, ga ta Gusau, ga ta Malumfashi zuwa Katsina. Inda motoci su ka yi yawa kuwa, gidajen mai sai su yi yawa. Ga kuma injunan ban-ruwa a fadamu, kowanne da jarkarsa a gindi.

Tankin gidan mai a binne ya ke. In ya yi tsatsa ya huje, mai sai ya riƙa tsiyaya ba wanda ya gani, ya yi ta nutsewa har ya tarad da ruwan ƙasa. Da ya ke ya fi ruwa rashin nauyi, sai ya kwanta a samansa. Wani kashi ya narke, ya bi ruwan sannu-sannu zuwa gangare, inda rijiyoyin mutane su ke. Cikin abin da ke narkewa akwai wata guba, sunanta benzin, wadda ke jawo sankarar jini in an daɗe ana sha.

An ga haka a ƙasar Ogoni ta Jihar Ribas. A 2011 hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da rahoto, ta ce a Nisisioken Ogale an sami benzin a rijiyoyin sha ya ninka ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya fiye da sau 900, an kuma sami mai kaurin wajen inci 3 kwance bisa ruwan ƙasa. Ta ce gyaran ƙasar zai iya cin shekara 25 zuwa 30.

To, amma cikin ikon Allah ƙasa tana da hanyar wanke kanta. Akwai waɗansu ƙwayoyin halitta a cikinta, ido ba ya ganinsu, mai abinci ne gare su. Suna cinsa su mai da shi ruwa da iska. In akwai iskar shaƙa a ruwan, aikinsu da sauri ya ke. In ta ƙare, sai su koma dogara ga tsatsar ƙarfen da ke cikin ƙasa da waɗansu gishirai, aikin kuwa ya yi nawa. Ban da wannan, wani man yana tashi ya bi iska, wani ya manne wa yumɓu, wani ruwa ya tsarma shi.

Masana sun gwada wannan a Bemidji ta ƙasar Amurka, inda bututu ya fashe a 1979, ɗanyen mai fiye da ganga 10,000 ya zube. Aka kwashe mafi yawa, saura ya nutse. Tun 1983 su ke aunawa. Sun tarar ƙwayoyin nan sun tare gubar ba ta yi nisa ba, amma fa bayan shekara 40 ga man nan a ƙasa bai ƙare ba.

Watau ke nan, barin ƙasa ta yi aikinta ba naɗe hannu ba ne. Da fari sai an toshe inda man ke fitowa, an kwashe wanda ya kwasu. Sa'an nan a haƙa ƙananan rijiyoyin gwaji: ɗaya daga tudu inda man bai kai ba, ɗaya a wurin zubar, waɗansu kuma daga gangare, tsakanin wurin da rijiyoyin sha. A riƙa ɗiban ruwansu ana kai wa ma'aikatan gwaji, rani da damina, don in ruwan ƙasa ya taso da damina yakan wanko man da ya maƙale a sama. Awo ɗaya ba ya isa shaida. Abin dubawa shi ne, gubar tana raguwa shekara bi shekara, ko kuwa tana ƙara matsowa wajen gidaje? In tana matsowa, jira ya ƙare, sai a yi aikin kwashewa.

Ga abin da ya shafe ku. Wanda ya ji warin fetur a rijiyarsa, ko ya ga maiƙo mai launi-launi bisa ruwan, ya bar sha, kada ya ba dabbobi, kada ya yi ban-ruwa da shi. Tafasawa ba abin dogara ba ce, tururin ma shaƙarsa cuta ne. Kada a shiga rijiyar, kada a kusanto ta da wuta. Kada kuma a sa inji a ce za a yashe, domin jan ruwa da ƙarfi yakan ƙara janyo man. A gaya wa mai unguwa da duba-gari, su kai maganar ga hukuma. Tun 2006 akwai hukumar tarayya mai suna NOSDRA, aikinta ke nan bin sawun malalar mai.

Mai injin ban-ruwa ya zuba mai nesa da bakin rijiya, baƙin mai kuwa ya tara shi a gwangwani. Ku kuma akawuna na gidajen mai, ku riƙa gwama awon tanki da littafin ciniki kullum. In giɓi ya yi ta fitowa ba dalili, kada ku tsaya ga zargin yaro kaɗai, wataƙila ƙasa ce ke sha.

Rigakafi dai ya fi magani. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.