Bayani A Kan Ƙwayoyin Da Haske Ke Tuƙawa Cikin Ruwa

Ya ku malamai da fatake, ku sani masana sun ƙera waɗansu ƙwayoyi 'yan mitsi-mitsi, waɗanda silin gashin kai ya fi su kauri nesa ba kusa ba. Ba su da rai, ba su da inji, amma da zarar an haska su sai su kama iyo cikin ruwa.

Asalin al'amarin shi ne, galibin abin da aka jefa a ruwa fatarsa takan ɗauki cajin lantarki. Cajin nan iri biyu ne, mai alamar tarawa da mai alamar ɗebewa. Iri ɗaya sukan ture juna, mabambanta kuwa su jawo juna. Tun a 1807 wani masani mai suna Reuss ya gani a birnin Mosko cewa ƙwayoyin yumɓu na tafiya cikin ruwa idan an saka musu lantarki. Wanda ya taɓa tace ruwan gulbi da alam ko 'ya'yan zogale ya riga ya yi aiki da wannan ƙa'ida, domin su ne ke kashe cajin laka har ta dunƙule ta kwanta.

To, yaya haske ke shiga ciki? Idan ya faɗa wa ƙwayar, yakan tayar da aikin sinadari a gefen da ya haska. Sai zarra masu caji su fito, waɗansu suna rigan waɗansu gudu. Wannan rashin daidaito shi ke haifar da ɗan ƙarfin lantarki kewaye da ita, ya ja ta ko ya ture ta gwargwadon cajin fatarta. A 2009, a wata jami'a ta jihar Fensilbeniya a Amurka, an nuna ƙwayoyin gishirin azurfa suna motsi har suna taruwa kamar garke a ƙarƙashin hasken ultrabayolet. A 2016 kuma masanan Jami'ar Hong Kong suka nuna cewa in an sauya cajin fatar ƙwaya, wadda ke bin haske sai ta koma gudunsa. Watau haske ne guzuri, caji kuwa shi ne linzami.

Muradin masu binciken shi ne ƙwayoyin su riƙa kai magani daidai gurbin cuta, ko su rushe dafin da ke cikin gurɓataccen ruwa. Amma akwai cikas babba, shi ne gishiri. Zarrar gishiri takan lulluɓe cajin ta raunana ƙarfin lantarkin, sai ƙwayar ta yi sanyi. Jinin mutum kuwa mai gishiri ne, ga shi haske ba ya ratsa tsoka da nisa. Saboda haka yawancin gwajin a ruwa tatacce ake yinsa, kuma duk wanda ya tallata muku irin wannan a matsayin magani a yau, ku riƙe kuɗinku.