Nima: Rugar da Ta Rikiɗe Ta Zama Babban Zangon Accra

(Kiɗan buɗe shiri)

Shirinmu na musamman a yau ya yada zango a Nima da maƙwabciyarta Maamobi, a birnin Accra na ƙasar Ghana, unguwannin da Hausa ce harshen ciniki da wa'azi da hirar ƙofar gida. Ku gyara zama.

Wanda ya ga cunkoson Nima a yau da wuya ya yarda cewa ƙasa da shekara ɗari da suka wuce wurin daji ne, ciyawa da ƙananan itatuwa, can bayan gari. Ƙasar ta 'yan ƙabilar Ga ce, ta gidan Odoi Kwao. Wajejen 1931 suka ba Malam Amadu Futa, Bafulatani malami kuma mai harkar shanu, izinin zama. A nan garken da aka koro daga arewa kan huta, ya yi kiwo, kafin a kai shi mahauta. Har gobe akwai sashen da ake kira Ruga, ko da yake babu sauran wurin da saniya za ta kwanta.

Ba Nima ce zangon farko a Accra ba, Zangon Malam da Sabon Zango sun girme ta. Amma ita ce ta fi saurin cika. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu sojojin Amurka sun kafa sansani a wajen filin jirgin sama, tafiyar ƙafa daga Nima. Aiki ya samu: leburanci, gadi, wanki, girki. Hausawa da Zabarmawa da Mosi da Kotokoli da Wangara da Dagomba suka yi ta kwararowa, bayan yaƙi kuma tsofaffin sojoji suka ƙaru.

Abin da ya gina unguwar shi ne al'adar maigida. Baƙo ya sauka, ya nemi mutumin garinsu, a ba shi tabarma a zaure. Ya samu abin yi, ya kama ɗaki. Ya tara kuɗi, a kai shi gaban mai unguwa a yanka masa fili, shi ma ya zama maigidan wani. Da yake har farkon shekarun 1950 Nima tana wajen iyakar birni, babu jami'in da ya zo da igiyar awo. Kowa ya gina inda ya samu, ɗaki na jingine da ɗaki, aka bar lunguna masu faɗin kafaɗa. Famfo da magudanar ruwa da makewayi sai daga baya suka biyo, kuma ba su taɓa cim ma yawan jama'a ba.

(Kiɗa)

A watan Nuwamban 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba baƙin da ba su da takardun zama mako biyu su bar ƙasar. Zanguna sun ji jiki. Mutane da yawa suka sayar da gidaje a wulaƙance, suka kama hanyar Najeriya da Nijar da Togo. Ɗakunan da suka bari ba su daɗe a rufe ba, 'yan ƙasa daga arewa da kudu suka shiga. A shekarun 1970 kuma aka ratsa unguwar da babban titi, shaguna suka jeru a bakinsa.

Mai son ganin Nima ta yanzu, ya zo ranar Laraba, ranar kasuwa. Tun asuba motoci ke sauke buhunan gero da masara da wake da albasa, titi ya cushe. A bakin lungu ga mai koko da ƙosai, gefenta mai waakye, wato shinkafa da waken da karan dafi ya rina ja, tana zubawa a ganye, ta ɗora taliya da garin rogo da dafaffen ƙwai da baƙin yaji. A cikin gidan haya kuwa, jarkoki ruwan ɗorawa na jere a tsakar gida suna jiran famfo, kowace ƙofa da kurfotinta.

Daga waɗannan lunguna ne Mohammed Kudus ya taso, ya buga wa Ajax da West Ham ƙwallo. Daga nan ne ƙungiyar mawaƙan VIP ta fito. A Kanda, daf da Nima, a 2021 aka buɗe Babban Masallacin Ƙasa, wanda Turkawa suka taimaka aka gina.

To sai dai garin da Nima take bayansa a da, yanzu ya kewaye ta. Cantonments da Roman Ridge da unguwar masu hali ta filin jirgi duk maƙwabta ne, fili kuma ya yi tsadar gaske. A 2019 gwamnati ta bayyana shirin sake gina Nima da Maamobi. Mazauna sun saurara da kunne biyu, musamman bayan 2021, lokacin da aka rushe filin 'yan gwangwan na Agbogbloshie aka kuma tura 'yan albasa Adjen Kotoku, nesa da masu saye. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ba wanda ya ƙi titi mai kyau da kwata mai murfi. Tambayar ita ce: wa zai zauna a sabon ginin? Mai gida yana da abin da zai nuna a biya shi diyya. Ɗan hayar da ya shekara talatin a ɗaki guda, da baƙon da ya sauka jiya, ba su da komai a rubuce, alhali su ne mafi yawan jama'ar unguwar. Duk tsarin da bai sa su a lissafi ba, zai gyara ƙasar Nima ne ya kori mutanenta.

A nan za mu dasa aya. Sai wani makon idan Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)