Hutun dogon zango a Zanzibar: Shirin da ya kamata iyaye su yi kafin tafiya da yara

A gaɓar Paje da ke gabashin tsibirin Zanzibar, ruwan teku kan ja da baya sau biyu a rana, ya bar farin yashi shimfiɗe iya ganin ido. A lokacin ne matan ƙauyen ke shiga su kwashe ciyawar tekun da suke nomawa, yara kuma su bazu suna tsintar katantanwa.

Bayan kimanin awa shida da janyewarsa, ruwan ya gama dawowa ya shafe wurin gaba ɗaya. Ɗan tsibirin ya san lokacin da zai juyo. Yaron da ya taso a Kano ko Zinder, wanda bai taɓa ganin teku ba, bai sani ba.

Irin wannan ne ba ya fitowa a hotunan da ake yaɗawa a Instagram da TikTok, waɗanda ke jan hankalin magidanta zuwa tsibirin. Tafiya da yara tun daga gida take gyaruwa ko ta lalace, watanni kafin a hau jirgi.

Me ya sa Zanzibar?

Zanzibar wani yanki ne na Tanzaniya mai gwamnatinsa ta cikin gida, kuma mafi yawan mazaunansa Musulmi ne. Masallaci ba ya wahalar samu, haka ma abincin halal. Shinkafar pilau da biriyani da gasasshen kifi ba za su zama baƙi a bakin yaro Bahaushe ba.

Lokacin ma ya yi daidai. Babbar daminar tsibirin daga Maris ce zuwa Mayu, sai ƙaramar damina a Nuwamba da Disamba. Daga Yuni zuwa Oktoba kuwa rani ne mai iska da sauƙin zafi, wanda ya faɗo daidai da hutun dogon zango na makarantun Najeriya. Sai dai lokacin ne baƙi suka fi yawa, don haka kuɗin otal kan tashi. Hutun Afrilu ya fi araha, amma ruwan sama na iya tsare iyali a ɗaki kwana da kwanaki.

Takardu kafin tikiti

Kowane yaro sai da fasfonsa, ko da jinjiri ne, kuma dole ya rage aƙalla wata shida kafin wa'adinsa ya ƙare. Daga 1 ga Satumban 2025, fasfon Najeriya mai shafi 32 ya koma naira 100,000. Ke nan miji da mata da ’ya’ya huɗu za su kashe naira 600,000 tun ba su yi maganar jirgi ba. Ana kuma neman lambar NIN da takardar haihuwar kowane yaro.

Sai biza. Tanzaniya ta daɗe tana sanya ’yan Najeriya da Nijar cikin rukunin waɗanda sai an yi musu tantancewa ta musamman, inda take shawartar masu nema su cike takarda wata biyu kafin tafiya, kuma kada su sayi tikiti sai an amince. Da yake ƙa'idojin biza kan sauya, shafin intanet na hukumar shige da fice ta ƙasar ne wurin farko da ya kamata a duba, ba bakin ejan ba.

Akwai kuma inshorar dole. Tun 1 ga Oktoban 2024, gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa baƙi sayen inshora daga kamfaninta, dala 44 ga babban mutum, ko da yana da wata daga gida.

Lafiya

Wanda ya fito daga Najeriya sai ya nuna katin rigakafin cutar shawara. Ana yi wa yaro allurar daga wata tara, kuma katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10. Wanda ya bari sai ana gobe tafiya ya makara.

Zanzibar ta rage zazzaɓin cizon sauro ƙwarai, amma ba ta rabu da shi ba. Gidan sauro da man shafawa mai korar sauro na nan da amfaninsu, kuma yana da kyau a ga likita kafin a tashi, musamman idan akwai mai ciki, ko yaro mai sikila ko asma.

Gudawa kuwa ita ce ta fi saurin kwantar da ƙaramin yaro a baƙon wuri. Ruwan gora da ƙullin gishiri da sukari da maganin zazzaɓi na yara su kasance a jakar hannu, ba a akwati ba.

Inda za a sauka

Zaɓen gaɓa ya fi zaɓen otal muhimmanci. A Nungwi da Kendwa da ke arewa, ruwa ba ya janyewa da nisa, ana iya wanka kusan kowane lokaci, sai dai akwai cunkoso da kiɗan dare. Paje da Jambiani sun fi natsuwa, amma sai an bi jadawalin janyewar ruwa, an kuma sa wa yara takalman roba saboda wasu halittun teku masu ƙaya kamar bushiya.

Ko'ina aka sauka, ba a barin yaro a bakin ruwa a hannun yayarsa ’yar shekara 10. Kafin a biya kuɗin kwalekwale kuma, uba ya ga rigar kariya daga nutsewa daidai jikin kowane yaro da idonsa. In babu, a haƙura. Rigakafi ya fi magani.

Abin da yara za su riƙa tunawa

A dajin Jozani akwai jajayen birai da ba a samun irinsu sai a Zanzibar. A tsibirin Changuu, tafiyar kusan rabin awa a kwalekwale, akwai manyan kunkuru da wasunsu suka haura shekara 100. A gonakin kayan ƙamshi yaro zai ga kanumfari da kirfa da masoro a jikin bishiya, abin da a gida sai dai a kwanon mai koli.

Tsohon gari, wato Stone Town, wanda UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 2000, na ɗauke da wurin kasuwar bayi da aka rufe a 1873. Wannan ziyara ta fi dacewa da yaran da suka yi wayo. Wuri ɗaya a rana ya wadatar, a bar azahar don barci.

Ƙananan abubuwa masu ɓata tafiya

Tanzaniya ta haramta leda tun Yunin 2019, don haka yaji da dambun nama sai a zuba su a mazubi mai murfi. Agogon tsibirin na gaba da na Najeriya da awa biyu. Bugu da ƙari, masu jin Suwahili daga fitowar rana suke fara ƙirga awa: idan direba ya ce “saa moja”, wato ƙarfe ɗaya, bakwai na safe yake nufi.

Daga Kano ana iya bin jirgin Ethiopian Airlines a sauya a Addis Ababa. Yaron da bai kai shekara biyu ba kan zauna a cinya da ɗan kuɗi kaɗan, amma da ya cika biyu sai an saya masa kujera.

Lissafin ƙarshe shi ne na dawowa. Ana komawa makaranta a Satumba, kuma kuɗin zangon farko ne ya fi nauyi, ga littattafai ga kayan makaranta. Magidancin da bai ware wannan gefe ba kafin ya sayi tikiti, gara ya ɗage tafiyar zuwa baɗi. Teku dai na nan.