Zuwa Umara da yara: shirin da ake farawa tun daga gida

Idan kaka ta yi, amfanin gona ya shiga kasuwa, magidancin da Allah ya hore wa a Gummi ko Anka ko Bukkuyum yakan fara tunanin kai iyalinsa Umara. Yawanci kuɗin jirgi da na masauki ne ke cin hankalinsa. Amma in da yara a tafiyar, akwai tambayar da ta riga kuɗi: a wane wata za a tafi, kuma ɗan autan cikinsu zai iya?

Mutumin Zamfara kan ce ai shi ma ɗan ƙasar zafi ne. Gaskiya ne bazara a nan takan haura digiri 40. Sai dai a gida, da rana ta take, kowa yana ƙarƙashin inuwa. A Makka kuwa ana fita salla sau biyar, cikin cunkoso. A Hajjin 2024 zafi ya kai digiri 51.8 a Harami, mutum fiye da 1,300 suka rasu. A 2025 hukumomin Saudiyya suka hana zuwa aikin Hajji da ƙananan yara. Ƙofar Umara na buɗe gare su, zaɓen lokaci kuma yana hannun iyaye.

Dogon hutun makaranta yana faɗawa cikin Agusta, lokacin da Makka da Madina ke tafasa, gonaki a gida kuma suna jiran mai su. Hutun Disamba ya fi. Makka da rana ba ta cika wuce digiri 30 da ɗoriya ba, Madina kuwa da asuba har sai an sa wa yaro rigar sanyi. Goman ƙarshe na azumi, duk da falalarsu, cunkosonsu ya fi ƙarfin mai goyo.

Takardu suna da nasu lokacin. Kowane yaro, har jariri, sai da fasfonsa, kuma ya zama da sauran aƙalla wata shida kafin ya ƙare aiki. Ga katin rigakafin shawara, ga na shan-inna, ga allurar sanƙarau wadda ake so a yi aƙalla kwana goma kafin a sauka. Mutanen Zamfara ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani a kan sanƙarau, domin annobar 2017 a jiharsu ta fi yin ta'adi. Tafiyar mota daga gida zuwa filin jirgin Kano ita ma a yi mata lissafi: a fita da safe saboda halin da hanyoyi ke ciki, a kwana a huta, kada yara su hau jirgi a galabaice.

Hatsarin da ya fi kusa da yaro a ƙasar hamada shi ne ƙarewar ruwan jiki. Iskar can busasshiya ce, gumi na bushewa kafin a gan shi, yaro kuma in wasa ya ɗauke shi ba ya cewa yana jin ƙishirwa. Uwa ce za ta lura. Idan jariri ya yi sa'o'i kunzugunsa a bushe, ko yana kuka ba hawaye, ko maɗigarsa ta lotsa, ko idanunsa sun faɗa, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari na fakiti, a ci gaba da ba shi nono, a nufi asibiti. Wannan fakitin a saye shi tun daga gida. Tulunan Zamzam suna jere a cikin masallaci, wasu ma an rubuta musu cewa ba masu sanyi ba ne; a riƙa ba yaro kurɓi-kurɓi tun bai nema ba.

Ita kanta ibadar tafiya ce ta ƙafa. Safa da Marwa sau bakwai ta ɗara kilomita 3, ban da ɗawafi. Ɗan shekara biyar zai fi iyawa bayan Isha'i ko da sanyin safiya, an ci an ƙoshi, ba a ranar da aka sauka ba. A rataya masa kati mai sunansa da sunan masauki da lambar wayar babansa, a kuma nuna wa manyan yaran ƙofa guda mai lamba wadda za a haɗu a gabanta in an rabu.

Tsakanin Makka da Madina jirgin ƙasa na Haramain, wanda aka buɗe a 2018, yana cin kilomita 450 cikin kusan awa biyu da rabi, tafiyar da bas ke yi wa awa biyar zuwa shida. Ya fi tsada, amma mai yara uku ya san abin da ya saya.

A bar wa yara nasu rabon. Dutsen Uhudu da masallacin Ƙuba suna mayar musu da darasin Islamiyya abin da ido ya gani, kasuwar dabino a Madina tana faranta musu rai. In da sauran guzuri, Ɗa'ifa na kan tsauni, kusan mita 1,800 sama da teku, da sanyin iska da lambunan furanni. Kwana ɗaya a can, bayan an sauke ibada, ya isa yara su miƙe ƙafa kafin a kama hanyar Jidda.